Makka, Hijaz ko Saudiyya? Bambancin sunan wuri da sunan daula

Duk shekara idan 23 ga Satumba, ranar bikin ƙasa ta Saudiyya, ta zagayo, aka lulluɓe titunan Jidda da Makka da korayen tutoci, akwai gardamar da takan tashi a majalisun Hausawan unguwannin Shara Mansur da Misfala na Makka, daga nan ta gangara cikin WhatsApp. Wani zai ce, yaya za a yi a ce ƙasar da Ka'aba take cikinta ba ta cika shekara ɗari ba? Wani ya amsa masa da cewa ai a 1932 aka kafa ta. Na uku ya ce to me ya sa kuma ake hutu ranar 22 ga Fabrairu ana ambaton 1727? Kafin a watse sai wani dattijo ya ce shi dai Hijaz ya taso ya ji iyayensa suna faɗa, kuma har gobe a gida idan mutum ya hau jirgi cewa ake yi ya tafi Makka, ko da kuwa a Dammam aikinsa yake.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ba abu ɗaya suke magana a kai ba ne kawai: wani zancen wuri yake yi, wani zancen mulki. To me ya raba sunan da wuri yake da shi da sunan da hukuma ta raɗa wa kanta? A ina kuma rashin bambancewar yake jawo wa talaka asara?

Kalma ɗaya, kaya uku

Ruɗanin daga bakinmu ya fara. Bahaushe yana cewa ƙasa ga abin da yake takawa yana nomawa. Yana cewa ƙasar Hausa, ƙasar Zazzau, ƙasar Barno. Yana kuma cewa ƙasar Najeriya, ƙasar Sudan. Larabci ya rarraba wa waɗannan kaya masu ɗauka daban-daban: ard ita ce wadda ake takawa, bilad yanki ne da mutanensa, daula kuma ita ce hukuma mai iyaka da sojoji da hatimi. Mu kalma ɗaya muka ɗora wa duka ukun, shi ya sa mutum biyu za su kwana suna musu alhali kowa da ƙasar da yake nufi.

Sunan wuri shi ne wanda masana labarin ƙasa suke aiki da shi. Daga kogi ake samo shi, ko dutse, ko hamada, ko al'ummar da ke zaune a wurin. Babu wanda ya sa hannu aka kafa shi, ba shi da ranar haihuwa, kuma iyakarsa ba a shate take ba. Tambayi mutum goma inda ƙasar Hausa ta tsaya ta kudu, za ka ji amsa goma, kuma babu shingen kwastan da zai raba gardamar. Sahel, Sham, Hijaz, Najdu, Darfur, duk irin wannan ne.

Sunan daula kuwa a rubuce yake, cikin tsarin mulki ko cikin umarnin sarki. Yana da ranar da ya fara aiki, yana iya mutuwa dare ɗaya. Shi ne a bangon fasfo, a jikin takardar kuɗi, da kan allon da ake ajiyewa gaban wakili a Majalisar Ɗinkin Duniya. Kusan kowace daula tana da shi iri biyu, gajere da cikakke: Najeriya da Jamhuriyar Tarayyar Najeriya, Masar da Jamhuriyar Larabawa ta Masar. Idan ka warware cikakken sunan za ka ga salon mulki (masarauta, jamhuriya, tarayya), wani lokaci da aƙida ko asali (ta Musulunci, ta Larabawa), sannan ƙwayar sunan. Ita wannan ƙwayar galibi aro ce daga sunan wuri, kuma a nan gizo yake saƙa. Daula takan ari sunan yankin da ya fi ta girma, ko wanda ya fi ta ƙanƙanta, ko ma wanda ba ya cikinta gaba ɗaya.

Akwai gwaji mai sauƙi. Idan ka ji suna, tambayi kanka: wannan yana da jakada? Yana ba da biza? In amsar a'a ce, sunan wuri ne.

Sunaye huɗu a kan ƙasar da muke takawa

Mafi faɗi shi ne Jaziratul Arab. Ba daula ba ce. Yanki ne da ruwa ya kewaye ta gefe uku, kuma a cikinsa akwai Saudiyya da Yaman da Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Ƙatar da Kuwait, ana kuma haɗawa da tsibirin Bahrain. Saudiyya ce ta kwashe kaso mafi girma, amma mutumin San'a ma ɗan Jazira ne.

Hijaz shi ne zirin duwatsun yamma da ke bin gaɓar Bahar Maliya, inda Makka da Madina da Jidda da Ɗa'ifa suke. Kalmar daga shinge take, don duwatsun sun tsaya tsakanin kwarin Tihama na bakin teku da tudun Najdu na tsakiya. Najdu ma'anarsa tudu, can ne Riyad da Ƙasim suke.

Abin lura shi ne Hijaz ya taɓa zama sunan daula. Daga 1916 zuwa 1925 akwai Masarautar Hijaz a hannun Sharif Husaini da ɗansa Ali, da kuɗinta da kan sarkinta na wasiƙa. Sarki Abdul'aziz, wanda ya karɓi Riyad a 1902 da Ahsa a 1913 da Ha'il a 1921, ya shiga Makka a 1924, Madina da Jidda kuma suka sallama a ƙarshen 1925. Bai soke sunan nan take ba. An yi 'yan shekaru daular tana amsa sunan Masarautar Hijaz da Najdu da yankunan da ke ƙarƙashinsu, wato sunayen wurare biyu aka ɗaure da igiya ɗaya. Sai ranar 23 ga Satumba 1932, daidai da shekarar 1351 ta Hijira, aka haɗe su da suna guda, Masarautar Larabawa ta Saudiyya. Daga ranar Hijaz ya koma abin da yake tun asali, sunan wuri. Alhazan da suka zo a ƙafa ta Cadi da Sudan kafin wannan shekara Hijaz suka zo, kuma shi suka koya wa 'ya'yansu. Dattijon majalisa bai yi kuskure ba.

Shekarar 1727 kuma ita ce farkon sarautar Imam Muhammad bin Sa'ud a Dir'iyya, wato tushen gidan. Waccan daula ta farko ta faɗi a 1818 a hannun rundunar Ibrahim Basha daga Masar, ta biyu ta tsaya a Riyad daga 1824 zuwa 1891. A 2022 ne aka ware 22 ga Fabrairu don tunawa da tushen. Saboda haka ranar Fabrairu ta gidan sarauta ce da daularsa ta fari, ranar Satumba ta sunan yanzu ce, Makka kuwa ta girme su duka da dubban shekaru.

Yau a tsarin mulki babu lardin da ake kira Hijaz ko Najdu. Mantiƙa, wato lardi, 13 ce, kowace da amirinta. Wannan ya haifar da wani ruɗani ƙarami da sabon zuwa yakan faɗa ciki, don kalmar Makka kanta abu uku take nufi. Akwai Harami mai iyakokin shari'a, wanda Tan'im da Ji'irana suke bakinsa, Arfa kuma tana wajensa. Akwai birnin Makka. Akwai kuma mantiƙar Makka, wadda ta haɗa har da Jidda da Ɗa'ifa da Rabig da Ƙunfuda. Mazaunin Jidda zai ga an rubuta Makkatul Mukarrama a adireshinsa na hukuma, amma hukuncin farauta da sare itace na Harami bai hau unguwarsa ba, kuma wannan rubutun ba zai wuce da shi shingen Shumaisi na hanyar Jidda zuwa Makka a lokacin aikin Hajji ba idan ba shi da tasrihi, wato takardar izinin Hajji.

Sudan ta littafi da Sudan ta fasfo

Babu sunan da ya fi wannan nuna yadda daula take hadiye sunan yanki. Biladus Sudan, ƙasar baƙar fata, haka marubutan Larabawa na da suka kira duk zirin da ke kudu da Sahara, daga Tekun Atlantika har Bahar Maliya. Masana tarihi sukan kasa shi uku: Sudan ta yamma inda daulolin Gana da Mali da Songhai suka yi zamani, Sudan ta tsakiya wato ƙasar Hausa da Kanem-Barno, da Sudan ta gabas a bakin Nilu. Littafin Tarikhus Sudan da Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a ƙarni na 17 labarin Tumbuktu da Songhai ne, ba ruwansa da Khartum. Idan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ce ahlus Sudan a rubutunsa, mutanen Gobir da Katsina da Kano da maƙwabtansu yake nufi. Ɗalibin da ya karanta wannan a jami'ar Madina ya ɗauka zancen Umdurman ake yi ya ɓata hanya tun daga shafin farko.

A bakin Nilu kuwa, kafin 1820 sunayen da ake ji su ne Sinnar ta sarakunan Funj, da Darfur, da Kurdufan, da ƙasar Nuba. Rundunar Muhammad Ali Basha ce ta ci yankin a 1820 zuwa 1821, aka fara tattara shi ƙarƙashin mulki ɗaya. Bayan daular Mahadi, Ingila da Masar suka kafa mulkin haɗin gwiwa a 1899, Darfur kuma ba a haɗa ta ba sai 1916 bayan an kashe Sarki Ali Dinar. A zamanin Turawa Sudan biyu ce a taswira: ta Ingila da Masar, da kuma Sudan ta Faransa mai hedikwata a Bamako. Ta gabas ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956 ta riƙe sunan. Ta yamma ta saki sunan a 1960 ta ɗauki Mali. Da Bamako ta nace, da yau muna fama da Sudan uku, idan aka haɗa da Sudan ta Kudu.

Abin da wannan ya jawo wa Hausawan Sudan ba ƙarami ba ne. A ma'anar littafi, Bahaushe ɗan Biladus Sudan ne tun kaka da kakanni, ko a Kano yake ko a Gadarif. Amma doka ba ta karanta littafin tarihi, kwanan wata take dubawa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗaure asali da zaman mutum ko kakanninsa na wajen uba a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Jama'ar da suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda bayan yaƙin Burmi na 1903 suka ci gaba da tafiya tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, sun iso bayan wannan ranar. Haka waɗanda suka zo noman auduga a yankin Jazira na Sudan bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Daga baya an matso da ranar gaba, an sassauta, amma tabon ya zauna: mutum an haife shi a can, an haifi ubansa a can, ana ce masa Fallata ana neman ya kawo shaida.

Ita kalmar Fallata asalinta sunan Fulani ne, aka shimfiɗa ta a kan duk wanda ya fito daga yamma. Haka Takruri ko Takruni da ake faɗa a Hijaz, wanda ya zama Takari a bakinmu. Takrur tsohuwar daula ce a bakin kogin Senegal, mutanen gabas suka mai da sunanta na yankin baki ɗaya, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa Bilad Takrur a sunan littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisur. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da yake jinsiyya, wato zama ɗan ƙasa a takarda. Usama Hausawi, wanda ya ɗaura wa tawagar Saudiyya kambun kyaftin a gasar cin kofin duniya ta 2018, sunan zuriyarsa yana nuna inda kakanni suka fito, fasfonsa kuma yana nuna daular da yake ɗanta. Layi biyu ne daban, kuma ba sa karo.

Inda malami yake zamewa

A cikin Sahihul Bukhari akwai ruwayar cewa Juma'ar farko da aka yi bayan ta masallacin Annabi (SAW) an yi ta ne a Juwasa, a Bahrain. Mai wa'azin da bai bincika ba zai ce wa jama'a a tsibirin Manama ke nan. Ba haka ba ne. Bahrain ta wancan zamani ita ce duk gaɓar gabashin Jazira, har da Hajar, kuma masallacin Juwasa yana Ahsa, cikin Saudiyya ta yau. Sunan ne ya tsuke ya koma kan tsibiri.

Sham ma haka. A littafi ta haɗa Siriya da Labanan da Jodan da Falasɗinu, don haka duk falalar da aka ambata game da Sham ba a kan iyakar gwamnatin Dimashƙ aka auna ta ba. Habasha ta hijirar farko ita ce daular Aksum, wadda ƙasarta yau ta rabu tsakanin arewacin Itopiya da Eritiriya. Magrib a bakin malaman da yanki ne da ya haɗa Maroko da Aljeriya da Tunisiya, yau kuma a labaran Larabci idan aka ce Al-Magrib kawai Maroko ake nufi.

Mikatai su ne misalin da ya fi kusa da mu. Zul Hulaifa na mutanen Madina, Juhfa na mutanen Sham, Ƙarnul Manazil na mutanen Najdu, Yalamlam na mutanen Yaman. Dukkansu yau cikin Saudiyya suke, kuma hadisin da kansa ya ce na mutanen wuraren ne da duk wanda ya biyo ta kansu. Hanya ake dubawa, ba a duba fasfo. Bakanon da ya fara sauka Madina a Abyar Ali, wato Zul Hulaifa, zai ɗaura harami, kafaɗa da kafaɗa da ɗan garin.

Kujerar Hajji kuwa akasin haka take. Ita da sunan daula ake raba ta, bisa ƙa'idar kusan kujera dubu ga kowane Musulmi miliyan ɗaya. Kujeru 95,000 da aka ware wa Najeriya a 2023 na masu fasfon Najeriya ne. Bamaraɗe da Bakatsine harshensu ɗaya, wataƙila ma kakansu ɗaya, amma kowa layinsa daban da hukumar alhazansa.

Harafi ɗaya tsakanin Yamai da Abuja

Nijar da Najeriya kogi ɗaya suka ara, kogin da mu muke kira Kwara. Flora Shaw, 'yar jaridar Ingila da ta auri Lugga daga baya, ita ta ba da shawarar sunan Najeriya a 1897, aka haɗe arewa da kudu ƙarƙashinsa a 1914. Iyakar da ta tsaga ƙasar Hausa biyu kuwa ta faro ne daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890, layin Say zuwa Barruwa, aka yi ta gyara ta har farkon ƙarni na 20. Shi ya sa har yau akwai Sarkin Katsina a Maraɗi da Sarkin Gobir a Tsibiri, cikin Nijar.

A ofishin Saudiyya wannan tarihi yakan dawo ya zama matsalar harafi ɗaya. Ɗan Najeriya ana rubuta masa نيجيري, ɗan Nijar kuma نيجري. Harafin ya'u guda ne tsakani. Ma'aikacin da ke gaggawa, ko mai cike fom a maktabin bakin titi, zai iya zaɓar na kusa a jerin kwamfuta. Idan jinsiyyar da ke iƙama, wato katin izinin zama, ta saɓa da ta fasfo, abin ba ya tashi a ranar. Sai an zo sabunta iƙama, ko buɗe asusun banki, ko fitar da bizar fita da dawowa, sannan na'ura ta ƙi.

Maganin shi ne a daina dogaro da sunan, a duba lambar. Kowane fasfo yana da haruffa uku na daula, a shafin hoto da kuma cikin layuka biyun nan na ƙasan shafin da na'ura take karantawa. Najeriya NGA, Nijar NER, Sudan SDN, Sudan ta Kudu SSD, Saudiyya SAU. Ranar da aka miƙo maka iƙama ko biza, a ranar za ka gwada jinsiyyar da ke jiki da ta fasfo, ka kuma duba abin da ke cikin Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya. In da saɓani, gyaran aikin Jawazat ne, wato hukumar shige da fice, galibi ta hannun kafili, wato wanda iƙamarka take ƙarƙashinsa, da asalin fasfo. Gyara a makon farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gyara bayan an gina wasu takardu a kan kuskuren. Wajen tura kuɗi ma a kula: lambar waya +234 Najeriya ce, +227 Nijar, +249 Sudan, +211 Sudan ta Kudu. Wanda ya ga an lissafa masa kuɗin da sefa alhali Kano zai tura, ya tsaya kafin ya sa hannu. Masu hulɗa da Gini su ƙara lura, don a Afirka kaɗai uku ce, Kwango kuma biyu.

Sai kuma gurbi biyu da ake yawan cakuɗawa a fom: wurin haihuwa da jinsiyya. Na farko tambayar wuri ce, na biyu tambayar daula. Yaron da aka haifa a Makka, iyayensa 'yan Najeriya, wurin haihuwarsa Makka, amma haihuwar kaɗai ba ta mai da shi Basa'ude ba, don dokar Saudiyya jinin uba take bi. Waɗannan su ne ake kira mawalid. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuma ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Haƙƙin yana nan, amma sai an je ofishin jakadanci a Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda an mai da shi takarda. Gidajen da suka bar wannan har 'ya'ya suka girma, suka haifi nasu, su ne suke wayar gari da zuriyar da ke da garin haihuwa amma babu daular da ta san da ita a rubuce.

Ba kowane canjin suna ne iri ɗaya ba

Wani canjin fenti ne kawai. Dahomey ta koma Benin a 1975, Upper Volta ta koma Burkina Faso a 1984, Swaziland ta koma Eswatini a 2018. Gwamnati ta yi doka, ta sanar da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka gyara jerin sunaye. Iyaka tana nan, bashin da ake bin ƙasar yana nan, yarjejeniyoyinta suna nan, ɗan ƙasa yana nan ɗan ƙasa.

Wani kuma cikakken sunan ne yake sauyawa don mulki ya sauya hannu. Sudan ta zama Jamhuriyar Dimokuraɗiyya bayan juyin mulkin Numairi na 1969, aka cire kalmar bayan faɗuwarsa a 1985. Masar ta yi ta amsa sunan Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa daga 1958 har 1971, alhali Siriya da aka yi haɗakar da ita ta fice tun 1961. Irin waɗannan kalmomi buri ne na masu mulki, ba shaida ba ce. Koriya ta Arewa ma akwai dimokuraɗiyya a cikakken sunanta.

Na ukun shi ne mai cizo: iyaka ta motsa. Ranar 9 ga Yuli 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, ta zama mamba ta 193 a Majalisar Ɗinkin Duniya. Khartum ta riƙe sunanta yadda yake, harafi bai canza ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ya tafi, da mafi yawan rijiyoyin mai, kambun ƙasa mafi girma a Afirka kuma ya koma Aljeriya. A shekarar aka gyara dokar jinsiyya, ta yadda wanda ake ganin ya cancanci zama ɗan Kudu ya rasa ta Arewa, ko da a Khartum aka haife shi bai taɓa ganin Juba ba. Wanda ya tsaya kallon suna kawai zai ce babu abin da ya faru da Sudan a 2011.

Masu ja da masu karewa

Akwai masu ƙin furta sunan daula da gangan. Wani ba zai ce Saudiyya ba, sai Biladul Haramaini ko Jazira, hujjarsa ita ce bai dace a kira ƙasa da sunan gida ɗaya ba. Masu karewa suna cewa ai wannan tsohuwar al'ada ce a tarihin Musulunci: Umawiyya, Abbasiyya, Faɗimiyya, Usmaniyya ta Istanbul, duk sunayen gidaje ne, Jodan ma har yau Masarautar Hashimiyya ce. Mu kanmu Daular Usmaniyya muke kiran ta Sakkwato. Abin da ya kamata mai sauraro ya gane shi ne, Biladul Haramaini a bakin tsohuwa mai addu'a girmamawa ce, a bakin ɗan siyasa kuma matsayi ne. Lafazin ɗaya, niyya biyu.

A Afirka gardamar ta fi karkata ga cewa sunayen na Turawa ne, a koma na gargajiya. Akwai ƙamshin gaskiya, sai dai komawar ba ta cika sauka inda aka nufa ba. Gana ta 1957 ta ɗauki sunan daular da ƙasarta take cikin Muritaniya da Mali na yau, ɗaruruwan kilomita daga Akara. Jamhuriyar Benin ba ita ce ke da birnin Benin ba, yana jihar Edo a Najeriya. Sudan ɗin ma ba 'yan ƙasar ne suka raɗa wa kansu ba, baƙi ne daga arewa suka kalli launin fata suka sa suna. A nawa ganin, mai neman a canza suna ya fara faɗin wace al'umma ce a cikin iyakar za ta ji an bar ta a waje. Dahomey sunan masarautar kudu ce, shi ya sa aka gudu zuwa sunan gaɓar teku da ba na kowa ba.

Wani lokaci kuma aron sunan yanki yakan zama kamar da'awar mallakarsa. Girka tana da lardi mai suna Masedoniya, don haka ta ƙi yarda maƙwabciyarta ta amsa sunan ita kaɗai, ta tare mata ƙofar NATO a 2008, sai da ta koma Masedoniya ta Arewa a 2019 sannan ta shiga a 2020. Ruwan da ke gabas da mu ma bai tsira ba. Iran tana cewa Tekun Fasha, haka takardun Majalisar Ɗinkin Duniya suke rubutawa, a Dammam da Kuwait da Dubai kuwa Khalijul Arabi ne a taswirar makaranta da bakin kowa. Ɗan kasuwar da zai buga takardar talla ko ya rubuta wa kamfani wasiƙa a wannan gefen, Al-Khalij kawai ya ishe shi, kowa zai gane ruwan da yake nufi.